Neman shawara: ina ake samun ɗanyen kayan miya a Manchester?

Maman Ilham: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Don Allah shawara nake nema. A farkon hunturun nan na tare wajen maigida a Manchester, kuma har yau kayan miya sun hana ni sakat. Tumatirin da nake saya a babban kantin unguwarmu ja ne jawur a ido, amma in na yanka sai in ga cikinsa fari-fari, ba ƙamshi ba ɗanɗano, miyar ta fito tsululu da tsami. Kuɓewa kuwa 'yar kaɗan ce a leda, ga tsada, bakinta ya riga ya fara baƙi. Alayyahu, yakuwa, rama, zogale, ko mai kama da su ban gani ba. Ina da juna biyu, ba abin da raina ke so irin fate da yakuwa da kwaɗon zogale. Maigida aikin dare yake yi, shi ma kantin nan kaɗai ya sani. Ku da kuka daɗe, ina kuke cefane? Allah ya saka da alheri.

Hajiya Kaka: Wa alaikumus salam 'yata, sannu da zuwa, Allah ya raba lafiya. Kafin a nuna miki kasuwa, ki fara sanin lokacin da kika zo. Duba jikin ledar tumatirin, dole ne su rubuta ƙasar da ya fito. A hunturu za ki ga Maroko ko Sifaniya. Ana tsinko shi bai gama nuna ba don ya jure hanya, ya yi kwanaki a motar sanyi kafin ya iso hannunki, kuma sanyi yana kashe ƙamshin tumatir. Shi ya sa in kin saya kada ki sa a firiji, ki bar shi a fili a kicin ya ƙarasa nuna. A Fabrairun 2023, da yanayi ya ɓata amfanin gona a waɗancan ƙasashen, har ƙayyade wa mutum aka yi adadin tumatir da tattasai da kokwamba da zai ɗauka a manyan kantuna. Ki ga yadda ƙasar nan ta dogara da na waje in sanyi ya shigo.

Ni da hunturu ba na wahalar da kaina. Tumatirin gwangwani na Italiya nake saya, wanda aka zuba shi guda-guda cikin ruwansa, don shi sai da ya nuna a gona aka tsinke. In haɗa da dogon jan tattasai, attarugu da albasa mai yawa, in markaɗa, in tafasa har ruwan ya tsotse. Jar miya za ta fito miki yadda kike so. Ɗanyen tumatir mai daɗi ki jira shi daga Yuli zuwa Satumba, lokacin na Ingila ya cika kasuwa.

Yanzu kuma ki ci abin da ƙasar ke bayarwa: kabeji, karas, tuffa, da wani ganye mai kauri da suke kira kale. Doguwar kabewarsu mai wuya, butternut, tana yin miyar taushe sosai in kin sa mata niƙaƙƙiyar gyaɗa.

Ummu Sadiq: 'Yar'uwa, yakuwarki tana nan garin nan. Mu ne ba mu san sunan da ake sayar da ita ba. Ki bar manyan kantuna ki shiga shagunan mutanen Indiya da Pakistan da Bangladesh. Ki fara da kasuwar Longsight da ke Dickenson Road da shagunan da ke kan Stockport Road, sai Wilmslow Road a Rusholme, sai Cheetham Hill Road in kina arewacin gari. Ki tambayi gongura, ita ce yakuwa, wani lokaci ramar ma da wannan sunan suke sayarwa, ki duba mai jan kara don ta fi tsami. Ba kowane shago ke kawowa ba, an fi samu inda 'yan kudancin Indiya ke sayayya, kuma a can ɗin ne za ki samu ɗanyen zogale, ki ce ganyen murungai ko moringa. Alayyahu 'yan Bangladesh suna da ja da kore, 'yan Jamaika na Moss Side kuma callaloo suke ce masa. Lalo yana shagunan Larabawa a daskare, molokhia, an riga an yanka, sai dai ki kaɗa. Yalo, doya, rogo da manja kuwa shagunan 'yan Ghana da Yarabawa.

Abu ɗaya da ya fi komai amfani: ki tambayi mai shagon ranar da kayansa ke sauka, don ganyen nan a jirgin sama yake zuwa, kwana biyu ya yi yaushi. Ki je ranar. Kuɓewa kuma a buɗe take a kwali, ke za ki zaɓa da hannunki. Ki karya tsinin, in ya ɓalle ƙas to ɗanya ce, in ya lanƙwashe ki ajiye.

Baban Amir: Hajiya ta gama magana. Ni ƙarin da zan yi na kuɗi ne. Akwai kasuwar sari, New Smithfield, a Openshaw, nan ne masu shaguna da gidajen abinci da yawa ke saro kaya. Tun kafin asuba take ci, kuma kwali-kwali ake sayarwa. Gida ɗaya ba zai iya da kwalin attarugu ba, amma mu gida huɗu muke haɗa kuɗi, ɗaya ya je da mota, a dawo a raba. Tun da maigidanki aikin dare yake, in ya tashi sai ya biya ta can. In kuma kuna son fita da iyali, kasuwar Bury tana cika Laraba, Juma'a da Asabar, taragon Metrolink yana kaiwa har bakinta. Can da Longsight duk za ki ga ana zuba kaya a roba ana sayarwa da araha.

Anti Nas: Yaya Baban Amir, kayan robar nan a yi mata bayani, kada ta kwaso da yawa. Arahar tasu don sun nuna ne tuɓus, yau ko gobe za su lalace. In za ki markaɗa a ranar, ba abin da ya fi su. In na ajiya kike so, ki biya kuɗin awo. Ki kuma duba na ƙasan robar kafin a juye miki a leda.

Sannan tun da kina da ciki, ki wanke duk ganye da kayan lambu sosai har ƙasa ta fita, musamman wanda za ki ci ɗanye. Zogale ganyen kaɗai, ban da saiwa da ɓawo. Zoɓo da garin zogale na kwalba kuma ki fara tambayar ungozomarki a awo na gaba. Kuɓewa in kin samu mai kyau ki yanka ki daskare a ƙananan ledoji, alayyahu ki ɗan yi masa wankan ruwan zafi ki matse kafin ki daskare. Kada ki ajiye ayaba kusa da ganye, iskar da take fitarwa tana sa shi rawaya da wuri.

Malam Manomi: Ƙanwata, ki sa maigida ya rubuta sunanku a wajen hukumar ƙaramar gundumarku don samun ɗan filin lambu na haya, allotment. Layin yana da tsawo, wasu shekaru suke jira, don haka gara a rubuta tun yau. Kafin nan tukwane a bayan gida sun isa. Alayyahu yana yi sosai a nan: ki yafa iri a cikin ɗaki a Afrilu, ki fitar ƙarshen Mayu in an daina ƙanƙarar safiya, daga Yuli kina yanka yana tofowa har Satumba. Yakuwa tana ba da ganye in ta samu wuri mai rana, amma kada ki sa ran zoɓo, don ba ta fure sai yini ya gajarta, lokacin kuwa sanyi ya riga ya kama ta. Kuɓewa da attarugu sai a ɗakin gilashi ko bakin taga mai rana. Da bazara kuma akwai gonaki a Cheshire da ake shiga mutum ya tsinki strawberry da hannunsa a auna masa, Yuni da Yuli. Ki kai Ilham, za ta ga inda abin ke fitowa.

Maman Ilham: Wallahi na ji daɗi, Allah ya biya ku. Asabar in sha Allah Longsight zan fara. Sai dai Ummana ta ce akwai mai tahowa daga Kano wata mai zuwa, tana so ta aiko min da ɗanyar yakuwa, yalo, irin alayyahu da kilishi. Za a bari su shigo?

Hajiya Kaka: Ki ce wa Umma ta cire kilishin, 'yata. Nama da nono daga Najeriya haramun ne a shigo da su Birtaniya, ko busasshe ne, ƙwacewa za a yi, kuma mai ɗauke da kayan zai iya shiga matsala. Ɗanyen ganye da yalo da irin shuka suna buƙatar takardar lafiyar tsirrai daga hukuma, ba abin da za a yi don ƙulli ɗaya ba ne. Iri ki saya a nan, ana samu. Mangwaro, gwaba, dabino, abarba, ayaba da lemo suna cikin waɗanda aka yarda matafiyi ya shigo da su ba takarda, amma mai tahowar ya duba shafin gwamnati na intanet kafin ya ɗaure kaya, don dokar tana canzawa, in kuma yana shakkar wani abu ya nuna wa jami'an kwastan da kansa. Mangwaro ma kada ki ɗora wa bawan Allah nauyi, daga Yuni zuwa Agusta na Pakistan, Sindhri da Chaunsa, kwali-kwali ake jibge shi a bakin shagunan Cheetham Hill. Ranar Asabar ki zo da jaka mai taya, ki yi min magana in kin sauka daga bas, in zaga da ke wajen mai gongurar.