Wanda ya ci bashi ya ɓace: ta yaya kuka gano shi?

Ɗan Kasuwar Bacci: Assalamu alaikum jama'a. Wani ya karɓi dilar gwanjo a hannuna bashi, ya kashe waya, ya tashi daga gidan da yake haya a Tudun Wada. Waɗanda irin wannan ta taɓa samu, wace hanya kuka bi?

Tsohon Ma'aikacin Banki: Wa alaikumus salam. Na yi aikin karɓo bashi a wani ƙaramin banki. Fom ɗin mutum muke fara buɗewa: wa ya tsaya masa, wa ya rubuta a gurbin magaji, ina yake sana'a. Mutum kan sauya layi da gida a dare ɗaya, amma ba ya sauya surukai. Daga nan sai tsohon gidan hayar. Mai gida yakan ce bai sani ba. Mai shagon bakin layi, ɗan ga-ruwa da yaran da suka taya loda kaya, su ne suka ga motar da ta kwashe su. Akwai wanda muka gano a Rigasa ta bakin direban a-kori-kurar da ya kai masa katifa da firji. Yanzu bankuna sun samu sauƙi: ga lambar tantance masu asusun banki, wato BVN, tun 2014, kuma tun 2020 Babban Bankin Najeriya (CBN) ya ba da damar a ciri bashi daga asusun mutum na wani bankin, in ya sa hannu lokacin karɓar rancen. Ɗan kasuwa kam ba shi da wannan, sai ƙafa da baki.

Maman 'Yan Biyu: Yallaɓai, gaskiya ka faɗa kan dangi. Ni uwar adashinmu ce ta gudu da kwasata. Ƙanwarta ta ɗora katin biki a WhatsApp, ga sunan wurin taro a Unguwar Rimi ɓaro-ɓaro. Ban tare ta a cikin mutane ba. Bayan biki na je wajen yayarsu da littafin zubi, mai unguwa ya zaunar da mu, yanzu tana biya duk wata.

Ɗan Panteka: Ni tsohuwar lambarsa na saka a OPay kamar zan tura kuɗi, sai ga cikakken sunansa, ashe laƙabi muke kiransa da shi. Da sunan na je tashar Kawo, 'yan kamasho suka ce yana lodin Zariya.

Lauya Barnawa: Ɗan'uwa, ka kiyayi masu cewa ka ba su kuɗi su ciro maka adireshi daga lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) ko kamfanin waya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 na iya hawa kanka kai ma. Kada kuma ka sa a kama ƙaninsa: Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma hana kama mutum kan bashi zalla. Ka shigar da ƙara. In masinjan kotu bai same shi ba, alƙali na iya ba da izinin liƙa sammaci a ƙofar gidan da aka san shi a ƙarshe.

Sakataren Mai Unguwa: Ni ba kowa nake nuna wa gida ba. Wani ya taɓa zuwa da hoton mace wai bashi yake bin ta, ashe tsohuwar matarsa ce da ta gudo saboda duka. Duk mai cigiya sai ya kawo rasit ko shaida, sannan mu aika a kira mutumin zaure, ba mu raka kowa ƙofar wani.