Sabuwar zuwa Coventry: ta ina zan fara buɗe asusun banki?

Baƙuwa a Coventry: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwanana 9 a Ingila, na zo karatun digiri na biyu. Na samu aikin kula da tsofaffi, awa 20 a mako kamar yadda biza ta yarda, sun ce in kawo lambar asusu kafin ƙarshen wata. Jiya na shiga wani banki a cikin gari, suka ce sai da takardar shaidar adireshi. Ni kuwa a ɗakin ƙawar yayata nake raɓe, sunana bai hau kan takardar haya ko ta wuta ba. Don Allah a taimaka min da shawara, abin ya hana ni barci.

Yaya na Bradford: Wa alaikumus salam. Barka da zuwa ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, kusan dukkanmu nan muka fara cijewa. Ki nemi ofishin ɗalibai na makarantarku su ba ki wasiƙar banki. Za ta nuna ke ɗalibarsu ce, da adireshin da kike zaune. Amma kafin ki nema, ki shiga shafinki na makaranta ki sauya adireshin gida zuwa na Coventry, domin abin da ke shafin shi za su buga. Wasu makarantun ma sai kin faɗi sunan bankin, su rubuta wasiƙar da sunansa.

Anti mai jinya: Tunda albashi na tafe, kada ki tsaya jiran wasiƙa. Ki sauke manhajar Monzo ko Starling, bankunan da ake buɗewa ta waya, yau ɗin nan. Hoton fasfo za ki ɗauka, ki yi ɗan gajeren bidiyo na fuskarki, ki sa adireshin da za a aiko kati. Da sun amince za ki ga lambobinki biyu: ta reshe mai lamba 6, da ta asusu mai lamba 8. Su kaɗai wurin aiki ke buƙata don biyan albashi. Ki fara sayen layin wayar Ingila tukuna, kuma ki sanar da mai ɗakin cewa wasiƙa na zuwa da sunanki.

Baƙuwa a Coventry: Na gode Anti. To ni ba a ba ni katin BRP, wato katin shaidar izinin zama, ba, idan sun tambaya fa?

Yaya na Bradford: An daina shi. Wa'adin katunan ya ƙare tun 31 ga Disamba 2024, yanzu eVisa ce, wato shaidar izinin zama ta intanet. Ki shiga shafinki na UKVI, hukumar biza da shige da fice ta Birtaniya, ki ciro lambar da ake ba mai son tantance izinin zamanki. Kwana 90 take aiki. Ki lura, ta neman aiki daban, ta haya daban, ki zaɓi wadda ta dace.

Malam na Birmingham: Zan ƙara abu ɗaya da ya ba ni wahala ƙwarai. Fasfona Muhammad, wasiƙar makaranta kuma Mohammed, sannan sun sa sunan mahaifina a tsakiya. Sau biyu wani banki na mayar da ni, ranar ƙarshe har da ruwan sama na koma gida. A wurinmu suna ɗaya ne, a wurin kwamfutarsu mutum biyu ne. Ki ɗauki fasfonki ki duba harafi bayan harafi, duk takardar da ta saɓa a gyara ta kafin ki kai.

Hajiya ta Leicester: Ni shawarata ki riƙe biyu. Na waya don saurinsa, sannan idan kin natsu ki buɗe a banki mai reshe, irin Lloyds, Barclays, NatWest ko HSBC. Ranar da aka rufe asusu don bincike, mai asusu ɗaya ko kuɗin bas ba zai samu ba. Kuma 'yata, ki yi rajista da asibitin unguwa da wuri, saboda lafiyarki, sannan wasiƙu su fara zuwa da sunanki a adireshin.

Ɗalibi a Hull: Malam, ya batun kuɗin ruwa? Wani abokina ya ƙi buɗewa saboda shi.

Malam na Birmingham: Inda ruwa ya fi shigowa shi ne obadiraf, wato banki ya bari ka ci gaba da kashewa bayan kuɗinka ya ƙare. Idan sun yi maka tayinsa ka ce ba ka so. Akwai kuma asusun da suke kira besik, doka ta wajabta wa manyan bankuna 9 su samar da shi: babu kuɗin wata, babu obadiraf, ga kati, ga karɓar albashi. Ba sa yawan tallarsa, sai ka tambaya da bakinka. Don ajiya kuma akwai bankunan Musulunci, Al Rayan da Gatehouse, masu ba da riba ta hanyar juya kuɗin a halal.

Anti mai jinya: Wannan da zan faɗa ya fi komai damuna. Wallahi kada ki bari kowa ya turo kuɗi ta asusunki don ki tura wa wani, ko ɗan garinku ne, ko ya ce canjin naira yake yi kuma zai ba ki wani abu. Idan kuɗin na damfara ne, sunanki za a sa a kundin Cifas, ƙungiyar yaƙi da damfara wadda bankuna ke duba kundinta, kuma alamar kan kai shekara 6. A tsawon lokacin buɗe asusu ma zai iya gagarar ki, har kwantiragin waya. Na ga yarinya tana kuka a gabana kan wannan, ita taimako kawai ta yi. In za ki aika gida, ga LemFi, ga Wise, ga WorldRemit, da sunanki zuwa sunan wanda kika sani.

Hajiya ta Leicester: Gaskiya ne Anti. Kuɗin hannu ma da kika taho da su, kada ki zuba su gaba ɗaya a sabon asusu ba tare da rasidin canji ba, za su tambayi asalinsu.

Baƙuwa a Coventry: Allah Ya saka muku da alheri. Na duba yanzu, ashe adireshin Zariya ne har yau a shafin makaranta, na gyara. Layin waya kuma in sha Allahu bayan la'asar zan fita in saya. Yaya, wasiƙar a waya zan nuna musu ko sai na buga ta a takarda?

Yaya na Bradford: Ki buga ta, ki haɗa da fasfo. Kuma ki nemi ranar ganawa ta intanet kafin ki je, don a watan Satumba da Oktoba layin ɗalibai tsawo yake yi.