Ina zan kai yaron nan koyon aikin hannu?

Hajiya ta Garin Malam: Salamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema. Ɗan ƙanwata da ke hannuna, shekararsa 17, sau biyu yana zama jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji bai samu ba, ya ce shi ya gama da lakwal. Tun safe yana fada wurin masu shayi sai dare. Abin da na lura da shi, ba ya ganin rediyo ko fanka ta lalace ya ƙyale ta, sai ya kwance. Ina son in sa shi aikin wuta ko na pampo. Wanne ya fi a nan Damagaram, kuma wurin maigida zan kai shi ko makarantar sana'a?

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam Hajiya. Aikin pampo a garin da pampon kansa ke azumi? Unguwarmu in bazara ta kama sai ƙarfe uku na dare muke jin robine yana tari. Ki sa shi aikin wuta kawai.

Mai Tiyo na Zango: Ɗan Birni, da bakinka ka faɗi inda abincinmu yake. Garin nan kan dutse yake zaune, shi ya sa ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram. Ruwan da ke zuwa da dare yana ɗaukewa da rana, shi ke sa duk mai ɗan hali ya ɗora tanki, ya sa injin tura ruwa, ya sa abin da ke tsayar da ruwa in tankin ya cika. Wa ke haɗa su? In ruwa ya ɗauke iska ta cika tiyo, da ya dawo da ƙarfi sai mahaɗa ta saki. Wa ake kira? Shekarata 22 a aikin nan, ban taɓa yin sati ban riƙe zarto ba. Hajiya, abin da zan ce ki duba shi ne ko yaron yana da ƙyama. Aikinmu ba ruwan sha kaɗai ba ne, akwai buɗe masai da ya toshe. Yara da yawa nan suke gudu.

Hajiya ta Garin Malam: To fa. Wannan ko kwanon da ya ci abinci sai an yi faɗa yake wankewa.

Malamin Atiliye: Hajiya, barka da ƙoƙari, Allah ya ba da ladan riƙo. Ni koyarwa nake a ɓangaren wutar gini. Kada ki ɗauka dole sai ɗaya, maigida ko makaranta. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati da ake kira CFM, an yi su ne don irin yaran da suka bar lakwal ko ma ba su taɓa shiga ba. Akwai kuma cibiyoyin horon sana'a da fasaha, CFPT, inda ake fita da takarda irin CAP ko BEP. Sannan akwai asusun FAFPA, suna da reshe a nan Damagaram, su ke ɗaukar nauyin horon da yaro zai yi wasu kwanaki wurin maigida, wasu a aji. Ki je da kanki ki tambayi lokacin da suke ɗaukar yara, ki riƙe takardar haihuwarsa da ta shaidar ajin da ya tsaya, don ba kullum ƙofar take buɗe ba.

Dalilin da ya sa nake nacewa kan aji: wuta ba a ganinta da ido. Yaro zai shekara biyar yana ja wa maigida waya, bai san me ya sa ake sa mai kauri 1,5 mm² a fitila, 2,5 mm² a piriz, kilim kuma a ja masa layinsa shi kaɗai ba. Ya dai ga ana yi. Ranar da mai gini ya ce a rage kuɗi, sai ya sa siririya ko'ina, bazara ta zo a kunna kilim da firigo lokaci guda, waya ta yi zafi cikin bango. Wutarmu volt 220 ce, tana kisa. Wanda ya zauna aji ya san amfanin wayar ƙasa, ya san disjonkter mai 30 mA shi ke tsinke wuta kafin ta kashe mutum a banɗaki.

Mai Kuran: Malam, da girmanka, amma ni na sha karɓar masu takarda da ba su iya riƙe guduma ba. An turo mini wani ɗan makaranta sitaj, wato koyon aiki, ya zana mini gida kaf a takarda, tsaf, na ce to fasa bangon nan mu binne tiyon waya. Minti goma hannunsa ya yi ƙanta, ya zauna.

Malamin Atiliye: Ban musa ba. Kayan aiki ma ba sa isar yaranmu, wani lokaci mutum shida kan allo ɗaya. Shi ya sa na ce a haɗa.

Ƙanin Kowa: Iya, ni bari in faɗa miki abin da ya same ni, don ki san irin maigidan da za ki guje wa. Babana ya kai ni wurin wani mai aikin wuta, da goro da komai. Shekara uku aikina ɗaukar tsani, sayo shayi, kai ƴaƴansa lakwal a mashin. In aka zo haɗa akwatin disjonkter, wurin da ilimin yake, sai ya tuna sigarinsa ya ƙare, ya aike ni. Kafin in dawo ya rufe murfi. Ranar da na tambaye shi me ya sa wannan wayar shuɗiya ce waccan ja, cewa ya yi in bari sai na girma. Da na koma wurin wani, cikin wata huɗu ya sa na haɗa ɗaki biyu da falo ni kaɗai, yana zaune kan bulo yana kallo, in na yi kuskure ya ce kwance. Ki tambayi duk wanda za ki ba yaron: yara nawa ka yaye, ina suke aiki yanzu? In ya fara kame-kame, ki ɗauki gyalenki.

Baba na Sabon Gari: Yaron nan ya yi gaskiya, amma ɗaukar tsanin ma karatu ne, ɗana, in bai wuce shekara ba. Hajiya, ki yi magana da maigidan gaban shaidu biyu: shekara nawa, wa ke ba da abincin rana, kuɗin sabulu nawa ne a sati, kuma ranar yaye zai haɗa masa ƴan kayan aiki ko ke za ki saya. Mu da can ba a wannan, ana cewa an ba ka amana, shi ke nan. Amanar ce ta yi ƙaranci.

Ɗan Birni: Ba wanda ya ambaci sola. Tun da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023, har zuwa Maris na 2024, mutane suka farka. Ku zaga Kasuwar Dole ku ga pano da batir. Rabin masu ɗora su kuwa a ka suke yi.

Mai Kuran: Wannan haka yake. Makon jiya na je gyaran wani gida, an haɗa sabon batir da tsoho a layi ɗaya, tsohon ya janye sabon, wata shida duka suka mutu. Panon kuma an kafa shi inda inuwar tankin ruwa ke rufe shi tun azahar, ƙurar hunturu ta yi masa bargo ba mai gogewa. Wanda ya iya lissafin abin da gida ke ci, ya san pano nawa da batir nawa za su ɗauka, ba zai zauna banza ba. Sai dai tushen duka wutar gini ce, ita zai fara koya.

Maman Tagwaye: Ku gafarce ni in shigo da tawa. Shin akwai masu koyon gyaran gaz? Matatar SORAZ na nan hanyar Tanut tun 2011, butel ɗin kilo 6 ya shiga kusan kowane gida a unguwarmu, amma in murhu ya fara wari ba ka san wa za ka kira ba. Wani yaro da aka kawo mini ashana ya ƙyasta wai zai nemo inda yake zuba. Na kore shi da tsintsiya.

Mai Tiyo na Zango: Kin kyauta, Maman Tagwaye, Allah ya tsare. Da kumfar sabulu ake nema, a shafa a mahaɗa, inda ya yi ƙwai nan ne. Gaz ɗin butel ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka in kin ji wari ki rufe kan butel, ki buɗe ƙofa da taga, kada ki taɓa makunnin fitila. Robar ma tana da ranar mutuwa a rubuce a jikinta, ki duba. Mu masu pampo mu muka fi kusa da aikin, don duk haɗa tiyo ne, haka ma tukunyar ruwan zafi da ake nemanmu ita in sanyin Disamba ya shigo. Ita wannan sai ka san ruwa ka san wuta.

Tsohon Ma'aikaci: Abu ɗaya zan ƙara. In yaro yana da burin wata rana ya shiga kamfanin wuta NIGELEC, ko NDE da ta karɓi aikin ruwa daga SEEN a farkon 2024, ko ya samu kwangilar ginin gwamnati, takarda za a fara tambaya kafin a ga hannunsa. Faransancin da ya samu har ajin ƙarshe na kwaleji kada ya yar da shi, da shi zai karanta zanen gini ya rubuta wa mai aiki lissafin kaya.

Hajiya ta Garin Malam: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta masa duka, ya ce wuta yake so, batun masai ne ya kashe pampo. Litinin zan je FAFPA in ji. Mai Kuran, kai yara nawa ka yaye?

Mai Kuran: Hajiya, har ni za a yi wa tambayar? Bakwai. Biyu suna Agadez, ɗaya Diffa, sauran suna gari, zan haɗa ki da su ki ji daga bakinsu. Ki turo shi Asabar ƙarfe bakwai, muna da aiki a wani sabon gini hanyar Mirriya. Ya zo da takalmi rufaffe, ban da silifa. Sati biyu zan gwada shi kafin mu yi maganar goro.