Fijo 504 da gwajin lafiyar mota na shekara

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Fijo 504 ɗin marigayi mahaifinmu ce ta faɗo a rabona, 'yar 1984, haɗin Kaduna. Takardunta sun ƙare tun bara, kuma an ce a nan wajenmu yanzu sai an hau da mota kan na'ura kafin a ba da takardar lafiyarta. Ku masu tsofaffin motoci, suna wucewa kuwa duk shekara, ko kullum sai an sha fama?

Kawu Direba: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Alhaji. Ana hawanta ko a ajiye take?

Baban Ummi: Amin Kawu. Shekara biyu ke nan tana ƙarƙashin rumfa, amma duk Juma'a nakan tayar da ita ta yi kamar minti goma.

Kawu Direba: To ai nan gizo ke saƙa. Injin kaɗai kake motsawa, birki da ƙafafu suna nan suna barci.

Malam na Tudun Wada: Ɗana, tsaya ka ji nawa labarin kafin ka kai ta ko'ina. Tawa wagon ce, da aka yi mini canjin wurin aiki na ajiye ta shekara ɗaya da rabi. Da na dawo na juye baƙin mai, na sa sabon batir, aka wanke ta tana ƙyalli, na ɗauka shi ke nan. Fitila aka fara dubawa, ashe ta dama sama take haskawa, kwanon cikinta duk ya yi tsatsa. Aka hau da ita kan abin gwada birki mai juya taya: gaba lafiya, baya kuwa hagu na kamawa, dama kamar babu komai. Hambirki na ja har ƙarshe, taya na juyawa abinta. Aka zura waya a salansa, hayaƙi ya wuce ƙa'ida. Da mai dubawa ya shiga rami sai ya kira ni in gani da idona, tayirod na wasa, man birki na tsattsafowa, ga rami a ƙasan wajen ƙafar direba inda ruwan sama ke shiga ta robar gilashi yana kwanciya ƙarƙashin kafet. Suka ba ni takarda in je in gyara in dawo.

Ban ji haushinsu ba, duk abin da suka rubuta gaskiya ne. Inda na cutu wajen gyara ne. Na kai ta garejin wani yaro da ya saba da motocin kwamfuta, kafireta ba hannunsa ba ce. Sai kawai ya ɗaure sukurun mai har injin ya koma kamar mai azumi, duk mahaɗar hanya sai ta mutu, ga zafi tana ɗauka. Robobin birki kuma ya sayo jabu. Ba a yi sati uku ba suka kumbura. Wata ranar Laraba da azahar, daidai lokacin tashin 'yan firamare, na taka birki ya tafi har ƙasa. Da giya na rage gudu na sa ta a kwalbati. Wallahi har yau in na tuna yaran nan sai gabana ya faɗi.

Daga nan aka haɗa ni da wani dattijo da ya koyi aiki tun zamanin da Fijo ce motar gwamnati. Ya kwance birkin ƙafa huɗun gaba ɗaya, ya zubar da tsohon man, ya ce man birki na shan danshi in ya daɗe, shi ke cinye ƙarfen daga ciki. Ya canza tiyo na roba, ya wanke kafireta, ya sa kwantak da fulogi, ya saita tayimin da kunnensa. Mai walda ya yanke wajen tsatsar ya ɗora sabon ƙarfe. Shekara huɗu ke nan a jere tana wucewa a zuwan farko. Abin da nake yi bai wuce biyu ba: ina hawanta akalla sau biyu a sati, kuma saura wata guda takarda ta ƙare nake kai ta wajen dattijon.

Hajiya Mai Atamfa: Innalillahi. Allah Ya ƙara tsarewa Malam.

Abban Sadik: Duba taya kafin komai. Akwai lamba huɗu a gefenta, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. 'Yan Road Safety shekara huɗu suke ba taya. Taka ko zanenta bai goge ba, na tabbata gefen ya tsattsage.

Kawu Direba: Kuma kada ka yarda da Beljiyam. Rim 14 ce, sabuwa ba ta wuyar samu.

Na Fagge: Ni dai da Marsandi 200 ce da ban ce komai ba, ita ko shekara biyar ta yi a ajiye wanka kawai take so. Fijo kuwa sai Zage-zagi, su da ba su san mota ba.

Malam na Tudun Wada: Bakano in bai yi ciniki ba sai ya yi surutu. Je ka tambayi kuɗin famfon dizal na Marsandinka ka dawo mu yi magana.

Na Fagge: Ranka ya daɗe ai tawa mai fetur ce!

Abban Sadik: Marsandin ma tsatsa na cin ta ta wajen da ake sa jak, na gani da idona. Kowace da inda take ciwo.

Ɗan Birmingham: Mu nan Ingila tun 2018 motar da ta haura shekara 40 ba dole ba ne a kai ta MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara a nan, muddin ba a yi mata wani babban sauyi ba. Amma da yawa daga masu su suna kaiwa don kansu, saboda in ka fita da mota marar lafiya laifin na kanka ne, ko da an ɗauke maka gwajin.

Kawu Direba: Can titi ba rami, ba ƙurar hunturu. Kar ka haɗa.

Ɗan Birmingham: Gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara fa, Kawu? Shi ya cinye 504 da yawa a Turai. Faransa ta daina yin salun ɗin tun 1983, Kaduna kuwa har bayan shekarar 2000 ana haɗa ta, shi ya sa kayanta suka fi yawa a wajenku.

Injiniya: Shawarata ka cire injin ka sa na Toyota, ka huta da hayaƙi da shan mai gaba ɗaya.

Malam na Tudun Wada: A'a Injiniya, ban yarda ba. Motar mahaifinsa ce. Injin 504 ba shi da wani sirri, in ringi ne a canza ringi. Kuma lambar injin tana jikin takarda, in ka sauya ka jawo wani zirga-zirgar.

Injiniya: Malam, da tsadar fetur ɗin nan? Kafireta ba ta san tausayi ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ta maigidana haka aka sa mata wani injin, daga ranar giya ba ta ƙara shiga daidai ba. Ƙarshe 'yan gwangwan suka saye ta. Na yi kuka ranar, a cikinta aka kawo ni gidan.

Sabon Shiga: Wai duk wahalar me ce wannan? Akwai masu karɓar kuɗi su kawo maka takardar har gida, mota ba ta motsa ba.

Kawu Direba: Yaro, ka koma sama ka sake karanta abin da Malam ya rubuta kan 'yan firamare. Takarda ba ta tsayar da mota.

Sabon Shiga: Tuba nake Kawu.

Abban Sadik: Ƙananan abubuwa ma na kayar da mutum: wayfa, oda, sigina, fitilar lamba, bel. Wayoyin 504 in sun tsufa asin (wayar da ke haɗe da ƙarfen jikin mota) ke kwancewa, ka taka birki sigina ta kama. Rewaya zai gyara maka cikin awa guda. Ka tafi da safaya, jak, abin kashe gobara da si-koshan (alamar gargaɗi mai kusurwa uku). Sannan kafin ka shiga layi ka yi tafiyar kamar kilomita 20 injin ya yi zafi sosai, mai sanyi ya fi hayaƙi, musamman in cok bai koma ba.

Na Fagge: Tunda an zo nan, wa ke da gilashin fitilar baya na hagu na 504 salun? Na maƙwabcina ne. Na zaga Ƙofar Ruwa jiya ban samu na asali ba.

Injiniya: Gwada Panteka.

Na Fagge: Har Kaduna don gilashi ɗaya?

Malam na Tudun Wada: Ina jin akwai guda a cikin buhun tarkacena, amma ban tuna ko na dama ne ko na hagu ba. Bari a idar da la'asar in duba.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai iyayena. Yanzu na je na duba tayar, 2014 na gani. Malam, dattijon nan yana zuwa gida kuwa? Don bayan abin da na ji ba zan tuƙa ta zuwa gareji ba.

Kawu Direba: Janwe za ka nema.

Na Fagge: Malam, in na dama ne ma a ajiye mini.