Bindigar bauna: .30-06 za ta wadatar, ko sai .375?

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman shawara. Shekara shida ke nan ina farauta da takardata a yankunan da aka ware kusa da dajin Benuwe a nan Kamaru, kuma bindigata ɗaya ce, .30-06 da na gada daga kawuna. Mariya da kanki ban taɓa samun matsala da su ba. Bana in Allah Ya yarda zan shiga da izinin bauna ɗaya da gwanki ɗaya, tare da jagora. Tambayata: in tafi da wadda na saba da ita, ko in nemi mai harsashin da ya fi girma, .375? Wani abokina ma cewa ya yi in wuce kai tsaye zuwa .416.

Tsohon Mai Bin Sawu: Wa alaikumus salam ɗana. Gwanki dai bindigar kawunka ta ishe shi, in ka sa harsashi mai giram 11.7 mai ƙarfin jiki, ka kuma sa shi a kafaɗa. Amma bauna, a'a. Ba wai .30-06 ba ta kashe bauna ba ne, tana kashewa. Damuwar ita ce ranar da harsashin ya gamu da ƙashin kafaɗa ya tsaya, ita kuma ta shige ciyawar da ta fi mutum tsawo ta juyo tana jiran masu bin jininta. Wanda ke gaba a ranar ba kai ba ne, mai bin sawu ne, da sanda kawai a hannunsa. Na yi wannan aikin sama da shekara ashirin a gefen dajin Faro, kuma har gobe ba abin da ke sa ni addu'a irin digon jini kaɗan-kaɗan mai shiga duhuwa. Saboda mutanen da za su raka ka nake ce maka ka ƙara girma.

Malamin Gandu: Baba ya faɗi gaskiya. Bari in sa lissafi a kai. Harsashin .375 H&H mai giram 19.4 yana fita da gudun wajen mita 770 a daƙiƙa, ƙarfinsa ya haura jul 5,500. Na .30-06 bai cika 4,000 ba. Kamfanin Holland & Holland na Landan ne ya fito da shi a 1912, kuma har yau da shi ake auna bindigar manyan namun daji. A Tanzaniya shi ne mafi ƙanƙanta da doka ta yarda a harbi bauna da shi. Zimbabuwe kuma ta gindaya kaurin milimita 9.2 da ƙarfin jul 5,300. Kai ma kafin ka kashe ko sisi, je ofishin gandun daji ka tambayi abin da aka rubuta na irin izininka, ka kuma tabbatar za a shigar da sabuwar bindigar a takardarka kafin a buɗe farautar rani.

Alhajin Ngawundere: Ni fa ina da wata magana daban. An manta da harsashin 9.3x62. Otto Bock ne ya ƙera shi a Balin a 1905, musamman don Jamusawan da ke zaune a Afirka a lokacin, har da nan Kamaru. Harsashi giram 18.5, bindigar ba ta da nauyi sosai, dukanta a kafaɗa kuma da sauƙi. Baunarmu ta nan ba ta kai ta Tanzaniya girma ba, jikinta ma ja-ja ne. Da ita na ɗauki biyu, kowacce ba ta yi taku hamsin ba.

Tsohon Mai Bin Sawu: Alhaji, 9.3 ban ƙi ta ba, na ga aikinta. Amma ƙanƙantar baunarmu kada ta ruɗi yaron. Jikin ne ƙarami, zuciyar ɗaya ce.

Alhajin Ngawundere: Haka ne Baba, na karɓa.

Ɗan Garwa: To batun .416 fa? Shi abokin nawa cewa yake ƙarfi ba ya yawa.

Malamin Gandu: Ƙanena, ƙarfi yana yawa in kafaɗarka ba ta ɗauke shi ba. .416 Rigby tsohon harsashi ne mai daraja, tun 1911, yana tura giram 26. Amma dukan .375 ya kusa ninka na bindigarka sau biyu, na .416 kuwa ya doshi uku. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya sha duka sau biyar shida a wurin gwaji, sai jikinsa ya koyi tsoro ba tare da ya sani ba. Kafin kunama ta saki, ya riga ya rintse ido, ya fizgi yatsa, baki ya sunkuya. Babban harsashi a tumbi bai kai matsakaici a huhu ba. Gwajin yana da sauƙi: ba wani bindigar ya ɗura maka ba ka gani, wani lokaci ya bar ta fanko. In ka ja kunama bakin ya motsa alhali ba harsashi, to da sauran aiki. Irin .416 da .458 jagorori ne suka fi buƙatarsu, don tsayar da dabbar da ta taso a taku goma.

Baban Yusra: Ina karanta ku daga Minisota. Mu nan barewar daji muke harbi da .308 da .30-06, don haka ban da ta cewa a bauna. Sai dai na ji ana cewa wani Bature maharbi mai suna Bell ya kashe ɗaruruwan giwaye da 7x57, wanda bai kai ma .30-06 ba. Ke nan girman bai da muhimmanci?

Malamin Gandu: Gaskiya ne ya yi, sama da shekara ɗari da suka wuce. Amma ƙwaƙwalwa yake harbi daga kusa, da harsashi marar buɗewa, bayan ya tsaga kawunan giwaye ya san inda take daidai. Kuma zamanin hauren giwa ne, ba doka ba ƙididdiga, irin ɓarnar da ta sa yau muke ƙirga dabbobin nan da yatsa. Ba misali ba ne ga mai zuwa baunarsa ta farko.

Liman na Unguwa: Ku ba ni dama in ƙara ɗaya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da kyautata kisa da kyautata yanka. Dabbar da aka raunata ta gudu ta kwana uku tana ruɓewa da rai, akwai tambaya a kanta. Ka ambaci sunan Allah lokacin harbi, in kun same ta da sauran rai a yanka. Amma bauna kada kowa ya matsa da wuƙa sai jagora ya tabbatar ba za ta tashi ba.

Ɗan Garwa: Allah Ya saka, Malam. Na karkata ga .375, tun da za ta yi mini gwankin ma. Wane harsashi zan sa?

Tsohon Mai Bin Sawu: Na farko mai buɗewa amma mai riƙe jikinsa, irin Swift A-Frame ko Barnes TSX. Na ƙasansa a cikin bindigar su zama marasa buɗewa, don in ta juya maka baya suna ratsawa har ƙirji. Ka gwada su duka a allo ɗaya ka ga ko wuri guda suke faɗawa. Ka bi ƙafar gaba da ido, ka hau kashi ɗaya cikin uku na jikin daga ƙasa, nan ne. Kada ka wuce mita tamanin, kada ka harbi wadda ke da wata a bayanta. Kuma ka ƙona aƙalla harsashi arba'in a tsaye a kan sandunan saiti kafin ranar, ba a zaune ba.

Alhajin Ngawundere: Ka fara tambayar dillali mai lasisi wanne yake da shi a ajiye, kada bindiga ta iso harsashi ya yi wata uku a hanya. Kuma in ka sauko Ngawundere kafin nan, zo ka harba tawa sau biyar ka ji yadda 9.3 take, sai ka yanke.

Ɗan Garwa: Ina nan tafe ranar Asabar in sha Allahu, Alhaji. Zan zo da .30-06 ɗin ma, mu yi gwajin nan na fanko da Malamin Gandu ya faɗa.