Me ya riƙa kashe matan farko da suka tuƙa jirgin sama?

Binta_Zariya:
Assalamu alaikum. Raymonde de Laroche ta Faransa, macen farko da ta samu lasisin tuƙin jirgi a 1910, a hatsarin jirgi ta rasu. Harriet Quimby da Bessie Coleman, matuƙa 'yan Amurka, su ma haka. Masana, laifin jiragen ne ko ƙarancin horo?

Injiniya_Sani:
Wa alaikumus salam, Malama Binta. Fara duba jirgin tukuna. Blériot XI da Quimby ta ƙetare teku da shi daga Ingila zuwa Faransa ran 16 ga Afrilu 1912, katako ne da yadi da waya. In za a karkata, wayoyi ake ja su murɗe fiffiken kansa. Injinsa Gnome ne mai silinda 7, ƙarfin doki 50, kuma silindojin ne ke juyawa tare da farfela. Nauyin nan mai juyawa yana fizgar jirgi duk lokacin da za a sha kwana. Man zurma ne man injin, yana feso shi a fuskar matuƙi har tabarau ya dushe. Wajen sauka, don rage gudu, da maɓalli ake ɗauke wutar inji a mayar. In aka daɗe ba a mayar ba, mai ya jiƙa fulogi, inji ya ƙi tashi. Maza ma da yawa a haka suka tafi.

Hajiya_Rabi:
Gaskiya ne Injiniya, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne bel ɗin ɗaure mutum a kujera. Ran 1 ga Yuli 1912 a Boston, jirgin Quimby ya dungura gaba ba zato. Fasinjanta William Willard ya fara faɗowa, ita ta biyo baya, don babu abin da ya ɗaure su a kujera. Jirgin kuwa ya sulalo ƙasa shi kaɗai.

Mutuwar Coleman ta fi ban takaici. Ran 30 ga Afrilu 1926 a Jacksonville, makanikenta William Wills ne ke tuƙa jirgin Curtiss JN-4. Ita ba ta ɗaura bel ba, saboda tana leƙen filin da za ta diro da laima washegari. Sifana da aka bari a cikin jirgin ta zame ta maƙale a kayan sarrafawa, jirgi ya kife, ta faɗo. Shi ma Wills bai tsira ba.

Malam_Idi:
Batun horo kuwa, 'yar'uwa, ba a ma son ba su. Makarantun Amurka sun ƙi karɓar Coleman don mace ce kuma baƙar fata. Sai da ta koyi Faransanci, ta tafi makarantar tuƙin jirgi ta Caudron a garin Le Crotoy na Faransa, ta karɓi lasisinta ran 15 ga Yuni 1921. A garin nan ne de Laroche ta rasu a 1919, cikin wani jirgin gwaji da ya rikito.