Wai baƙi ne suka jawo ambaliya a unguwa?

Dattijon Unguwa: Jama'a, gaskiya ɗaci gare ta. Da can a kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari na wayewa ƙasa ta tsane. Yanzu ruwan rabin awa, sai a kwana ana kwalfewa daga ɗakuna. Baƙi sun cika gari, sun cike kududdufai, sun kashe unguwa.

Hajiya Mai Gidan Haya: Baba, wa kake kira baƙo? Wanda ya biya kuɗinsa ya karɓi takarda? Kududdufi dai bai sayar da kansa ba, magada ne suka yanka shi fuloti-fuloti. Laifi tudu ne.

Safiyo (Mai Awon Filaye): Ku ajiye zancen baƙo, lissafi ne. Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufin da ya kai mita 10 tsawo, 10 faɗi, in aka yi ruwan milimita 30, lita 3,000 ke zubowa daga indararonsa. Tsakar gida ta ƙasa tana shan kaso mai yawa. Da an malale ta da siminti, kusan duka waje zai fita. To a ce gida 200 ne ke juye wa kwatar da aka gina don gida 40.

Dattijon Unguwa: Malam Safiyo, gida 200 ɗin aljanu ne suka gina?

Ɗan Makaranta: Shekara nawa mutum zai yi kafin ya daina zama baƙo? 20 ko 50? Kakan kowa daga wani wuri ya taso.

Dattijon Unguwa: Yaro, je ka tambayi babanka.

Birkila: Kwalbati ce matsalar. Bututun santimita 60 ake sakawa inda na 90 ya dace, alhali bakin na 90 ya fi ninkin na 60. Ga kwata ba gangara. Ko santimita 1 a kowace mita aka ba ta, ruwa zai tafi da yashinsa. In babu, yashi da leda su kwanta su toshe. Kuma duk gyaran titi, ciko ake ɗorawa kan tsohon. Titi ya hau, daɓen gida ya koma rami.

Safiyo: Sa na mita biyu ma, ina ruwan zai je in an yi gini a mafitarsa? Ku birkiloli ne ke ɗora katanga a hanyar ruwa.

Birkila: Igiyar wa muke bi? Wa ya kafa turakun?

Mai Haƙar Rijiya: Abin da ba ku lura da shi ba: ruwa a ɗaki da damina, rijiya a ƙafe da rani. Ruwan ba ya nutsewa ƙasa, ga burtsatse gida-gida tana zuƙe na ƙasan. Sannan a ɗan ƙaramin fili ana haƙa shadda kusa da rijiyar maƙwabci, alhali tazarar mita 30 ake so a bari.

Ɗan Makaranta: Yaya, burtsatse ta hannu ce. Mai inji kuwa, bohol ake ce mata.

Mai Haƙar Rijiya: Ramin ɗaya ne, famfon ne ya bambanta. Ka taɓa riƙe diga?

Hajiya Mai Gidan Haya: Har yanzu Baba bai janye kalmar nan ba. Masu haya ne ke yashe kwata duk farkon damina, masu cewa unguwar ta kakanninsu ce suna kallo daga kan dakali.

Dattijon Unguwa: Hajiya, kuɗin hayarki kike karewa, ba baƙi ba.

Mai Kula da Zaure: To, ya isa haka. Abin da aka tsayar: lissafin Malam Safiyo ya gaskata Baba, yawan masu shigowa ne ya fi ƙarfin kwata. Kalmar baƙo ba zagi ba ce. Zancen kwalbati ba a kawo masa hujja ba, na rijiya kuma ba nan ne muhallinsa ba. An rufe.

Hajiya Mai Gidan Haya: Wa ya tsayar? Kai da wa?